Zuwa filin jirgin sama: abin da ya kamata ku sani game da kuɗin mota da adalci

Idan aka ambaci filin jirgin sama, yawancinmu mai hali muke hangowa, riƙe da ƙaramar jaka, direbansa na jiransa a bakin ƙofa. Shi ya sa ba kasafai ake sa hanyar zuwa filin a cikin matsalolin talaka ba. Amma kafin jirgin farko ya tashi da sassafe, wani ya share zauren jira, wani ya loda kaya, wata ta dafa abincin da za a sayar, wani kuma ya kwana yana gadi. Kowannensu daga wata unguwa ya taso, kuma da kuɗinsa ya zo.

Wannan bayani ya ɗauki filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja a matsayin babban misali, domin yana da abin da filayen Legas da Kano ba su da shi, wato layin dogo da ya shiga har cikin harabarsa. Za mu kuma leƙa wasu birane na duniya da suka fuskanci irin wannan matsala, mu ga yadda suka yi da ita.

Me ake nufi da adalci a harkar zuwa filin jirgi?

Sufurin jama'a shi ne duk abin hawan da mutane da yawa ke shiga tare, kowa ya biya kuɗin kujerarsa: bas, jirgin ƙasa, tasin haɗaka. Kishiyarsa ita ce motar gida, ko shata, inda mutum ɗaya ke ɗaukar mota sukutum ya biya shi kaɗai.

Adalci a nan bai hana mai kuɗi shiga motarsa ba. Abin da yake nufi shi ne a samu aƙalla hanya ɗaya ta zuwa filin wadda mai ƙaramin albashi zai iya biya kullum ba tare da ya taɓa kuɗin cefanensa ba. Kuma arha kaɗai ba ta isa. Dole motar ta kasance tana aiki a lokacin da mutum ke buƙatarta, ta biyo ta kusa da inda yake zaune, ta sauke shi kusa da ƙofar da zai shiga, kuma ya isa lafiya. Tsoho, da mai juna biyu, da mai keken guragu su ma su iya shiga ba tare da an ciccibe su ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, hanyar ta rufe ga wasu ko da a takarda a buɗe take.

Su wa ke bin wannan hanya?

Fasinjan jirgi yakan bi ta sau ɗaya ko biyu a wata idan mai yawan tafiya ne, da yawa kuwa sau ɗaya a shekara. Ma'aikacin filin yana bin ta sau biyu a kowace ranar aiki. Babban filin jirgi gari ne guda: masu shara, masu dakon kaya, jami'an tsaro, 'yan kwana-kwana, masu zuba wa jirgi mai, masu shaguna, masu sayar da tikiti, kanikawa. A filin Heathrow na Landan, kafin annobar korona, mutum fiye da 70,000 ne ke aiki. Na Abuja bai kai haka ba, amma shi ne na biyu a Najeriya bayan na Legas, kuma dubban mutane ke cin abinci a cikinsa.

Akasarin waɗannan ma'aikata aikin karɓa-karɓa suke yi. Wasu sai sun isa kafin asuba, wasu ba sa tashi sai jirgin ƙarshe ya sauka da tsakar dare. Waɗannan su ne lokutan da mota ta fi wahalar samu, kuma ta fi tsada.

Su ma fasinjojin ba duka ne masu hali ba. Akwai maniyyacin da ya shekara goma yana tara kuɗin kujera, da ɗalibar da ta samu gurbin karatu a waje, da marar lafiyar da dangi suka yi masa karo-karo don a kai shi asibiti a Masar ko Indiya, da mai tafiya ci-rani. Ga kuma 'yan rakiya da masu tarya, waɗanda a al'adarmu sukan ninka matafiyin sau da yawa. Ga irin waɗannan, kuɗin mota zuwa filin yana cikin lissafin tafiyar, kuma yana da nauyi.

Sai rukuni na uku da ake yawan mantawa da su: mazauna unguwannin da ke kan hanyar. Su ne ke shan ƙarar jirage da cunkoson motoci, alhali da yawansu ba su taɓa shiga jirgi ba.

Me ya sa zuwa filin jirgi ke da tsada haka?

Dalili na farko nisa ne. Jirgi na buƙatar fili mai faɗi da sarari babu dogayen gine-gine, don haka ake kai sababbin filaye bayan gari. Daga tsakiyar Abuja zuwa filin, ta babban titin Umaru Musa 'Yar'adua, tafiyar kusan kilomita 40 ce. Kowane kilomita mai ne. Kun san abin da ya faru da man: kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000.

Na biyu, tasin filin jirgi ba kamar tasin cikin gari ba ce. Direban yana biyan kuɗin rajista kafin a bar shi ya yi lodi a filin, yana iya yin sa'o'i a layi kafin ya samu fasinja ɗaya, kuma sau da yawa yakan koma babu kowa a motar. Duk wannan a kan fasinja ɗayan nan yake faɗowa. Ba lallai ne direban ya kasance azzalumi ba. Tsarin ne ya sa kuɗin ya hau. Motocin da ake kira ta waya, irin su Bolt da Uber, sukan ɗan fi sauƙi, amma sai da babbar waya da data, kuma farashinsu na tashi a daidai lokacin da mutane suka yi yawa.

Na uku, ƙananan abubuwan hawa da talaka ya saba da su an taƙaita su. An hana acaba shiga tsakiyar Abuja tun 2006, aka kuma hana ƙananan bas-bas a 2013, da alƙawarin manyan motoci za su maye gurbinsu. Manyan ba su wadata ba. Abin da ya rage shi ne tasin haɗaka da motocin masu zaman kansu da ke kwasar mutane a bakin titi. A nan ne 'yan fashin da ake kira 'yan wan-cans ke samun dama, su yi shigar direba da fasinjoji, su ɗauki mutum su yi masa ƙwace. Ma'aikaciyar da ke tsaye a bakin titi ƙarfe huɗu da rabi na asuba tana biyan wani farashi da ba a rubuta a tikiti ba.

Akwai dalili na huɗu da ba a cika faɗa ba. Filayen jirage a ko'ina cikin duniya suna samun kuɗin shiga daga motoci: kuɗin ajiye mota, kuɗin wucewa ta ƙofa, kuɗin rajistar tasi. A Najeriya hukumar kula da filayen jiragen sama, FAAN, ita ke karɓar kuɗin ƙofa. A Mayun 2024 ma majalisar zartarwa ta ƙasa ta amince cewa manyan mutane, har da shugaban ƙasa da mataimakinsa, su riƙa biyan wannan kuɗi, bayan shekarun da aka yi ana ɗaga musu ƙafa. Wannan gyara ne mai kyau. Sai dai ku lura da abin da ke ƙarƙashinsa: hukumar da ke samun kuɗi daga kowace mota da ta shigo ba ta da wani dalili na aljihu da zai sa ta matsa a kawo bas mai arha. Sai an ɗora mata hakan a matsayin wajibi.

Nawa ne ya yi yawa?

Hanya mafi sauƙi ta aunawa ita ce a duba kashi nawa na albashi ke tafiya a mota. Afirka ta Kudu, a manufarta ta sufuri ta 1996, ta sa wa kanta burin kada ma'aikaci ya kashe fiye da kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ke shiga hannunsa a kan zuwa aiki. Mu ara wannan ma'auni.

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Kashi 10 cikin 100 nasa naira 7,000 ke nan. Idan kuka raba wa ranakun aiki 22, zai kama kusan naira 320 a rana, zuwa da dawowa. Yanzu ku ɗauka, a matsayin misali kawai, mai shara yana kashe naira 2,000 a rana, domin sai ya hau mota biyu kafin ya isa. A wata ya kashe 44,000, fiye da kashi 60 cikin 100 na albashinsa. Wannan naira 44,000 ɗin, ga mai ɗaukar miliyan ɗaya a wata, ko kashi 5 cikin 100 ba ta kai ba. Farashi ɗaya ne, amma nauyinsa ya bambanta ƙwarai. Idan kuka ji ana cewa kowa kuɗi ɗaya yake biya don haka an yi adalci, ku tuna da wannan lissafi.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Wasu sukan kwana a wurin aiki kwana biyu ko uku a jere don su rage zirga-zirga. Wasu sukan bar aikin. Wasu kuma ba sa ma neman aikin tun farko, domin sun san kuɗin mota zai cinye albashin.

Ai Abuja na da jirgin ƙasa zuwa filin, ko ba haka ba?

Tana da shi. Kamfanin CCECC na China ne ya gina layin, mai tsawon kusan kilomita 45 da tashoshi 12, a kan kuɗi sama da dala miliyan 800, wanda dala miliyan 500 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na China. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 12 ga Yulin 2018. Reshe biyu gare shi. Ɗaya ya tashi daga babbar tashar da ke tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa, da Kukwaba, da Wupa, da Idu, da Bassanjiwa, ya ƙare a filin jirgi. Ɗayan ya tashi daga Idu ya bi ta Gwagwa, da Dei-Dei, da Kagini, zuwa Gbazango a Kubwa. A Idu ne kuma ya haɗu da jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016. Wato mutumin Kaduna zai iya shiga jirgi a Rigasa, ya canza a Idu, ya isa filin jirgin Abuja ba tare da ya hau titi ba, in dai lokutan jiragen biyu sun dace da juna.

Da aka buɗe shi, tashoshi uku kawai ke aiki: ta tsakiyar birni, da Idu, da ta filin jirgi. Sauran ba su da titin da zai kai mutum gare su. Da korona ta zo a 2020 aka dakatar da jirgin, kuma ya shafe shekara huɗu a ajiye, ɓarayi na sace wayoyi da kayan aiki. Bayan an gyara, an kuma yi titunan shiga tashoshin a ƙarƙashin ministan Abuja Nyesom Wike, Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayun 2024. Ministan ya sanar da hawa kyauta na wata biyu, shugaban ƙasa ya ce a tsawaita har ƙarshen shekarar.

To idan har kyauta aka yi, me ya rage?

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin Abuja ta nuna cewa ko an sauke farashi zuwa sifili, ba a gama ba.

Ku fara da inda layin ya bi. Unguwannin da suka fi cika a kan hanyar filin jirgi, irin su Lugbe da Kuchingoro, suna bakin babban titi ne, layin dogo kuwa ya zagaya ta wani ɓangare. Nyanya, da Karu, da Mararaba, inda ɗimbin ma'aikatan Abuja ke kwana, suna can ɗaya gefen birnin, kuma reshen da aka tsara zai kai can ba a gina shi ba. Mazaunin Lugbe da ke aiki a filin jirgi babu abin da zai kai shi tashar jirgin ƙasa, domin zuwa tashar ma wata tafiya ce da sai ya biya. Mutanen Kubwa da Dei-Dei sun fi morewa, amma su ma sai sun canza jirgi a Idu.

Sai lokaci. Jirgin yana yin 'yan sawu kaɗan ne a rana, kuma ba ya aiki da dare. Wanda zai kama aiki ƙarfe biyar na asuba bai da jirgi. Wanda zai tashi sha ɗaya na dare bai da jirgi. Shi ma fasinjan da jirginsa ya yi jinkiri, abin da ba baƙo ba ne a Najeriya, yana iya sauka ya tarar da sawun ƙarshe ya tafi. Abin da ke sa mutane su dogara da jirgin ƙasa shi ne yawan sawu. Idan kun san duk minti 15 ko 20 wani zai zo, ba ku buƙatar haddace jadawali, kuma idan ɗaya ya wuce ku ba ku yi asarar yini ba. Idan kuwa tsakanin sawu da sawu sa'o'i ne, ba wanda zai jingina aikinsa ko tikitinsa a kai.

Na uku shi ne abin da masana sufuri ke kira zangon farko da zangon ƙarshe, wato ɗan tsakanin gidanku da tasha, da kuma tsakanin tasha da inda za ku. A ɓangaren filin jirgi Abuja ta yi dace, domin tashar na cikin harabar, da ƙafa ake ƙarasawa. A ɓangaren gari ne matsalar take. Tasha ba tare da bas da zai kawo mata mutane daga unguwanni ba kamar rijiya ce da aka haƙa aka bar ta babu guga. Idan sai mutum ya yi shatar mota zuwa tasha, kyautar da aka yi masa a jirgin ta tafi a nan.

Ra'ayina shi ne kuɗin da aka zuba a wannan layi ya yi yawa da za a bar shi yana aiki rabi-rabi. Bashin dala miliyan 500 ɗin kowa ne ke biyansa, har da wanda bai taɓa ganin Abuja ba. Mafi ƙarancin abin da za a yi wa mai biyan bashin shi ne a sa layin ya yi wa irinsa amfani.

Yaya wasu birane suka yi?

Toronto a Kanada ta yi kuskuren da ya kamata kowa ya koya daga gare shi. A Yunin 2015 ta buɗe jirgin UP Express daga tsakiyar birni zuwa filin Pearson, tafiyar minti 25, sawu duk minti 15. An tsara shi ne don 'yan kasuwa masu sauri, aka sa tikiti dalar Kanada 27.50. Jiragen suka riƙa tafiya kusan babu kowa, jama'a kuma suka yi ta ƙorafi cewa da harajinsu aka gina abin da ba za su iya hawa ba. A Maris na 2016 aka sauke kuɗin zuwa dala 12, ko 9 ga mai katin sufurin birnin, aka ƙara rage wa ma'aikatan filin, aka kuma sa farashi mai sauƙi ga masu sauka a tashoshin tsakiya. Masu hawa suka ninka kusan sau uku, kuma da yawansu ba matafiya ba ne, mazauna unguwannin hanya ne masu zuwa aiki.

Landan ta bi wata hanya: ta bar zaɓi a buɗe. Akwai Heathrow Express, wanda ya fara a 1998, yana kai mutum tashar Paddington cikin minti 15 a kan kusan fam 25. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, wanda ya isa filin tun 1977, yana ɗaukar kusan sa'a guda amma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba. A 2022 aka ƙara layin Elizabeth, wanda ke tsakaninsu a sauri da farashi. Ga kuma bas-bas, har da masu aiki da dare. Mai sauri ya biya da yawa, mai lissafi ya biya kaɗan, kuma dukansu ƙofa ɗaya suke isa. Jirgi mai tsada bai zama zalunci ba muddin akwai mai arha a gefensa.

A Johannesburg, jirgin Gautrain da aka buɗe a Yunin 2010, daf da gasar cin kofin duniya, yana haɗa filin OR Tambo da unguwar Sandton cikin kusan minti 15. Tikitin filin ya ninka na sauran tashoshin sau da yawa, kuma an daɗe ana sukar aikin da cewa masu hali aka yi wa, alhali yawancin ma'aikata ƙananan bas na haya suke hawa. A New York kuwa abu biyu ne a birni ɗaya: ɗan jirgin da ke haɗa filin JFK da tashoshin gari yana karɓar fiye da dala 8 ban da kuɗin jirgin garin, amma bas mai lamba Q70 zuwa filin LaGuardia kyauta ne tun 2022.

Ba masu kuɗi za a tallafa wa ba idan aka rage farashi?

Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinta. Tallafi shi ne gwamnati ta biya wani ɓangare na kuɗin abu domin mai saye ya same shi da sauƙi. Idan aka ce jirgin filin kyauta ne ga kowa, ɗan kasuwar da ya sayi tikitin jirgin sama na ɗaruruwan dubban naira shi ma ya ci tallafin, alhali zai iya biya. Kuma jirgin da ba ya shigo da ko kwabo yakan zama na farko da ake mantawa da shi idan kasafin kuɗi ya yi ƙaranci.

Akwai hanyar raba tsakani. Ana iya sa farashi matsakaici ga mai hawa sau ɗaya, a yi wa ma'aikatan filin katin wata mai rangwame wanda za su samu da shaidar aikinsu, kamar yadda Toronto ta yi. Ana iya sa kuɗin tashoshin tsakiya ya yi ƙasa, don mazauna hanya su amfana. Kamfanonin da ke aiki a filin suna iya biyan wani kaso na katin ma'aikatansu, domin su ma suna asara idan ma'aikaci ya makara ko ya bar aiki. Sannan ana iya ware wani yanki na kuɗin ƙofa da na ajiye motoci a zuba a bas. Ta haka mai zuwa da motarsa ne ke taimaka wa mai zuwa a bas, kuma shi ma ya samu titi da ya rage cunkoso.

Ku kuma sani cewa kusan babu babban birni a duniya da kuɗin tikiti kaɗai ke riƙe sufurin jama'arsa. Titin da mai mota ke bi ma da kuɗin gwamnati aka shimfiɗa shi, ba wanda ke kiran hakan asara.

Dole sai jirgin ƙasa?

A'a. Layin dogo na cin shekaru da biliyoyi, bas kuwa cikin watanni ake iya fara shi. Titin filin jirgin Abuja mai faɗi ne, kuma ya ratsa ta gaban unguwannin da layin dogo ya tsallake. Manyan bas masu jadawali tabbatacce, da wurin ajiye kaya, da tashoshi masu fitila a Lugbe da makamantansu, waɗanda za su fara tun kafin asuba su kai har bayan saukar jirgin ƙarshe, za su iya ɗaukar mutanen da jirgin ƙasa bai kai gare su ba.

An taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. A Maris na 2017 an rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jiragen zuwa Kaduna. Gwamnati ta samar da bas-bas kyauta da rakiyar jami'an tsaro suna jigilar fasinjoji tsakanin biranen biyu, tafiyar da ta ninka ta cikin Abuja sau huɗu ko fiye. An yi hakan ne domin matafiya. Ma'aikatan da ke bin kilomita 40 kullum ba su buƙaci ko rabin wannan ɗawainiya ba.

Kano fa?

Yanayinta daban ne. Filin Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya, kuma gari ya riga ya kewaye shi, bai da nisa da Sabon Gari da Fagge. Nisa ba shi ne matsalar ba, adaidaita sahu na kai mutum kusa. Abin dubawa a irin wannan fili shi ne zangon ƙarshe: inda ake barin abin hawan talaka ya tsaya, da yawan tafiyar da za a yi da kaya a ka daga nan zuwa zauren, da ko akwai inuwa da fitila a hanyar. Lokacin jigilar alhazai ne wannan ya fi fitowa fili, sa'ad da tsofaffi da 'yan rakiya daga ƙauyuka ke cika wurin.

Me za ku iya yi?

Idan tafiya za ku yi, ku binciki jadawalin jirgin ƙasa ko bas kwana ɗaya kafin ranar, musamman lokacin sawun ƙarshe, kuma ku tanadi kuɗin mota ko da jirginku zai yi jinkiri. Idan shata za ku yi, ku daidaita farashi kafin a sa kaya a but, ku kuma nemi wanda za ku haɗa kuɗi da shi idan hanyarku ɗaya. Da dare ko da asuba, ku hau mota a tasha sananniya, ku guji tsayawa ku kaɗai a bakin titi.

Idan a filin kuke aiki, ku haɗu ku rubuta unguwannin da kuke fitowa, da lokutan kama aiki da tashi, da abin da kowa ke kashewa a wata. Irin wannan takarda ce ƙungiyar ma'aikata za ta iya ajiyewa a gaban kamfani ko hukuma ta nemi motar ma'aikata ko katin rangwame, kuma ta fi ƙorafin baki tasiri.

Idan kuma aka zo muku da labarin sabon filin jirgi ko sabon layin dogo a jiharku, ku tambayi wakilanku tun kafin a aza harsashi: ta waɗanne unguwanni zai bi, ƙarfe nawa motar farko za ta tashi, ƙarfe nawa ta ƙarshe, nawa mai albashin 70,000 zai kashe a wata, kuma daga wane asusu za a riƙa biyan kuɗin gudanar da shi bayan an gama bikin buɗewa.